Taƙi Ɗaya da Yatsu Biyu

Gwaram,
Ranar Lahadi.

Zuwa ga maigidana, Abban Basma,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya shago, yaya zafin Birnin Kudu? Yaya ƙafar Hajiya? Yaya Basma da makaranta? Na ji labarin tun da na taho ta yi wa tuwo yaji, sai taliya. Na san wanda ya ɗaure mata gindi, kuma zan dawo in same ku ku biyun.

Na san za ka yi dariya ka ga Iliyasu direba ya miƙo maka wasiƙa, alhali jiya-jiya muka yi waya. Wayar ce ba ta da sirri a gidan nan. Sabis ba ya kamawa ko'ina sai gindin darbejiyar tsakar gida, ita kuwa darbejiyar a bakin tagar Baba take. Ciwon nan na shanyewar ɓarin jiki hannu da ƙafa ya taɓa masa, kunnen yana nan garau. Shi ya sa duk abin da kake ji daga bakina a waya shi ne da sauƙi, alhamdu lillahi. Iliyasu kuwa tun yana yaron motar Baba ba ya yi mini musu, kuma kullum sai ya bi ta ƙofar shagonka. Ga sauran maganar a takarda.

Sauƙi kam akwai. Bakinsa ya miƙe, yana cin abinci, yana dogara sanda ya kai banɗaki. Hannun hagun ne ya ƙi. A dunƙule yake kwana, a dunƙule yake tashi. Malam Abdulsamad mai gashin ƙashi ya ja ni gefe ya gaya mini gaskiya: idan ba a riƙa motsa yatsun nan a 'yan watannin nan ba, haka za su sandare har abada. Ya kawo masa ƙwallon roba ya riƙa matsawa. Baba ya bari ya fita, ya aika wa jikokin maƙwabta da ita. Wai mutumin da ya yi shekara da shekaru yana murza sitiyarin tirela tsakanin Legas da Maiduguri ba zai ƙare da matsa ƙwallon yara ba. Abokansa na tasha suna zuwa gaisuwa, sai ya rufe ido ya ce a ce yana barci. Kai ka san Baba, mutumin da idan ya fara labarin hanya sai shayi ya huce a hannunka. Yanzu ya juya ya fuskanci bango, sai a wuni bai ce uffan ba. Wallahi shirun nan ya fi ciwon ba ni tsoro.

To ga abin da ya faru ranar Juma'a. Tsohuwar kwamfutar shagonka da ka aiko mini don in riƙa buga tambayoyin jarrabawar ɗalibaina, ashe ba ka goge wasannin da ke ciki ba, duk da rantsuwar da ka yi mini cewa ka girma. Har hannun gem ɗin, abin nan da ake riƙewa a buga wasa, na gani a ƙasan kwali, an naɗe shi da jarida kamar abin kunya. Na gaji da bugu, na ce bari in ga abin da ke hana mijina jin kira idan abinci ya sauka. Sai na faɗa kan wasan nan na tuƙin manyan motoci. Na tayar da mota, na ɗau kaya, na hau titi ina ta karkace-karkace. Can sai ga muryar Baba daga ɗaki, da ƙarfinta irin na da, yana tambaya wane marar imani ne yake ja wa injin nan rai bai sauya giya ba. Inna tana tsince shinkafa, sai da farantin ya kusa suɓuce mata.

Ni da Inna muka ciccibi kwamfutar da teburinta muka kai masa. Ya daɗe yana kallo yana taɓe baki, yana gyara mini tuƙi: na makara da birki, na matse kwana, ban duba madubi ba. Da na gaji da shan faɗa sai na ɗora masa hannun gem ɗin a cinya, na ce to ya gwada mana mu gani. Ka san sitiyarin a maɓallin hagu yake, wanda ake turawa da babban yatsa. Ya tambaya ko ba a mayar da shi dama. Na ce haka Turawan suka ƙera shi. Na san ana sauyawa, na gani a ciki, amma idan ka kuskura ka gaya masa, ni da kai ne. Abban Basma, da gaɓar babban yatsansa na hagu ya riƙa tura maɓallin nan, yana gumi, har ya fitar da motar daga tasha.

Matsalar hoton ce. Mota tana cikin tafiya sai komai ya daskare, in ya saki sai ka gan ta a rami ko ta rungumi fitilar titi. Da farko Baba ya ce man ne da datti. Amma da abin ya yawaita sai na ga ya daina zargin mai, ya koma kallon hannunsa. Ina gaya masa laifin kwamfuta ne, shi yana ganin lallashi ne kawai irin na masu jinya.

Na tuna ka taɓa cewa kwamfutar nan ba ta da katin girafik, wanda ke ɗaukar nauyin zana hoto, shi ya sa take shaƙewa da wasanni. Ina so ka nemo mana. Ka san halin da aljihunmu yake ciki bayan asibiti, don haka ba na 'yan gayu nake nufi ba, wanda dai zai sa motar Baba ta daina tsayawa ba da izininsa ba. Na kusa ɗaukar adashina, da shi za a saya. Kada Baba ya ji, don idan ya san an kashe kuɗi a kan abin da yake kira wasan yara, ko kallon kwamfutar ba zai sake yi ba.

Ga mangwaro nan a buhu, na saman na Hajiya ne, kada ka ce ban gaya maka ba. Inna tana gaishe ku. Ka shafa mini kan Basma. Ka huta lafiya.

Taka har kullum,
Ummussalma.


Gwaram,
Ranar Alhamis.

Abban Basma,

Sallama da gaisuwa, tare da fatan ka tashi lafiya, kai da Hajiya da Basma. Mu ma nan lafiya, sai zafi. Amsarka ta iso. Tun da muka yi aure ba ka taɓa rubuto mini takarda mai tsawon wannan ba, kuma duk cikinta gaisuwar ce kawai tawa, sauran na kati ne. Ba komai, na gode.

Na karanta har na gane. Kati uku ka ce ƙarfinmu zai iya kaiwa. Akwai sabo dal a kwalinsa, mai fanka ɗaya, wanda zai cinye adashin duka har ya nemi ƙari. Akwai na hannu mai giga takwas, wanda ka ja wa layi har biron ya kusa huda takarda, ka ce babu wasan da zai gagare shi, sai dai yana son wayar wuta tasa ta daban, kuma sai an sauya akwatin da ke raba wuta a cikin kwamfutar. Sai kuma ɗaya na hannun, mai giga huɗu da fanka biyu, wanda wutar ramin da ake soka shi ta ishe shi. Shi wannan a can ƙasan shafi ka rubuta shi da ƙananan baƙaƙe, don kada in gani.

Na gano ka, maigida. Mai giga takwas ɗin nan ba don tirelar Baba kake sonsa ba. Kana hangen ranar da Baba zai warke, kwamfuta ta koma Birnin Kudu, ka tura ƙofar shago kai da abokanka ku yi ta buga ƙwallo. To ka ji: solar gidan nan batirinta ɗaya ne, da shi fankar Baba take juyawa, da shi Inna take cajin waya da fitila. Idan ka kawo mana abin da zai shanye wutar, sai dai Baba ya zaɓa tsakanin tuƙi da iska, a wannan zafin.

Duk da haka ban yanke hukunci ni kaɗai ba. Na je wa Baba da dabara. Na ce mijin wata ƙawata ne yake son sayen mota: ga sabuwa ƙarama mai tsada, ga tsohuwa mai ƙaton inji da shan mai, ga kuma wata tsohuwar matsakaiciya wadda injinta ba ya saurin zafi. Da ka ga yadda ya gyara zama. Ya tambayi irin kayan da za a riƙa ɗauka, da irin hanyar. Na ce kayan ba su da yawa, hanya ɗaya ce kullum, amma garin akwai rana, kuma mai shi ba shi da ƙarfin sayen mai sosai. Ya ce ai magana ta ƙare, matsakaiciyar za a ɗauka, me zai yi da injin da ba zai iya ciyarwa ba. Sharaɗinsa ɗaya ne: kada a biya sai an tayar da ita a gaban mai saye, an bar ta ta yi zafi sosai, an saurari ƙararta, don da sanyinta ba za a gane komai ba. Haka ya ci gaba da ba mijin ƙawata shawara har la'asar, har da inda zai sayi taya. Sai da na ji kunya.

Don haka mai fanka biyu za ka sayo. Idan ka shiga Kano sarin kayan shago, ka sa mai sayarwa ya soka shi a kwamfuta ya kunna wasa mai nauyi a gabanka. Ka tsaya, kada ka yi gaggawar nan taka. Ka kasa kunne ko fankokin suna gurnani, ka duba ko hoton yana fitar da ɗigo-ɗigo ko layi-layi, yadda ka ce masu lahani suna yi. Ka ga har na fara zama gwana, saura kaɗan in karɓe shagon.

Sai maganar awo. Ka ce in kwance murfin gefe in auna daga bayan kwamfutar zuwa kejin ƙarfen nan da ke riƙe da faifan ajiya, don a san tsawon katin da zai shiga. Na kwance. Tef ɗin awon Inna yana wajen Mero mai ɗinki tun wancan watan, ga Iliyasu a ƙofar gida yana ta danna hon zai tashi unguwa. Sai na auna yadda muka saba auna komai a gidan nan. Taƙi ɗaya ne da yatsu biyu. Kada ya wuce haka ko kaɗan.

Ka gaida Hajiya da kyau. Ka gaya wa Basma na ga zanen da ta aiko, na liƙa wa kakanta a bango, tunda can yake kallo. Allah ya tsare hanya.

Matarka,
Ummussalma.


Gwaram,
Ranar Talata.

Abban Basma,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya baki ɗaya, yaya Hajiya, yaya yarinyata. Wannan gajeriya ce, a tsaye nake rubuta ta. Adashi ya fito, na tura maka.

Jiya Baba ya ɗauko kaya a wasan, doguwar tafiya, ya yi ta lallaɓawa har ya hango garin da zai sauke. Yatsan yana motsi fiye da makon jiya. Ni na gani, Malam Abdulsamad ma ya gani, ya yi ta murmushi. Saura gada ɗaya ya shiga gari sai hoton ya daskare. Da ya saki, tirela ta kwanta a gefenta, kaya sun watse a titi.

Baba bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da na ji daɗi. Ajiye hannun gem ɗin ya yi a hankali, ya ɗauki hannunsa na hagu da na dama ya ɗora a cinya, ya ce in kashe. Wai a duk shekarunsa na tuƙi bai taɓa kayar da mota ba, bai ga dalilin da zai fara yanzu ba. Yau ko tambayarta bai yi ba, ya koma wa bangonsa. Na shiga kicin na yi kukana. Inna ta leƙo ta ce albasa ce ko, na ce albasa ce.

Don Allah kada ka jira ranar sarin kaya. Ka shiga Kano gobe idan da hali. Ina tsoron idan ya saba da kwanciyar nan kuma, ko jirgin sama aka kawo masa ba zai tashi ba. Na yi kewarku ƙwarai, amma yau wannan ce a gabana.

Ka huta lafiya.

Taka,
Ummussalma.


Gwaram,
Ranar Asabar.

Abban Basma,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma ba da haƙuri, amma rabin haƙuri, don rabin laifin ne nawa. Yaya gajiyar Kano? Yaya Hajiya da Basma?

Abin da na faɗa maka a waya ɗazu zafin rai ne. Bai kamata in ce hannunka ya kai marfin tukunyar biki ba. Bari in gaya maka yadda aka yi tun daga farko, tunda a waya ihu kawai ka ji.

Iliyasu ya kawo katin da hantsi, a naɗe cikin tawul ɗin Basma, da filashin da ka haɗo. Kyakkyawa ne, ban musa ba, ka iya zaɓe. Fankokin nan biyu tsaf da su. Na ja kwamfutar zuwa ɗakin Inna, na yi bisimilla, na bi duk abin da ka rubuta: na zare wuta, na taɓa ƙarfe, na kwance murfi, na cire ɗan ƙarfen baya. Na kawo katin zan soka, sai ƙarshensa ya daki kejin faifan ajiya. Na karkata shi, na juya shi, na yi masa addu'a, na roƙe shi. Ya fi wurin tsawo da kusan yatsu biyu.

Ka ce ka auna shi a gaban mai shago, taƙi ɗaya da yatsu biyu, har da ɗan rara. Na yarda. Amma taƙin wa? Ni ce na auna kwamfutar, da hannuna, wannan hannun da ka saya wa zobe sai da maƙeri ya rage shi kafin ya zauna. Kai kuma ka je Kano ka baza naka a kan kati, ka ga ya yi daidai, ka biya kana murna. Duk zamanmu ba ka taɓa lura cewa hannuna ɓacewa yake a cikin naka ba? Na san amsarka, ka faɗa a waya: ni malamar makaranta ce, mai koyar da lissafi ma, me ya hana ni ɗauko rula a jakata. Na ji, na amsa laifina. Rular tana nan a jakar, yanzu na gan ta tana kallona.

Ka ce mai shagon ba ya karɓar kayan hannu idan sun fita, sai dai a sake sayar masa da faɗuwa. Sabon akwatin kwamfuta kuwa sai wani adashin, yatsun Baba kuma ba za su jira wani adashin ba. Inna ta ce a kira mai walda ya yanke kejin. Na ce idan wutar walda ta shiga cikin kwamfutar nan sai dai mu yi mata ta'aziyya. Na naɗe katin na ɓoye a cikin kwanukan Inna, na mayar da murfi na ɗaure. Dariya take zuwa mini, kuka yana biyo ta.

Baba yana nan yadda ka sani. Goggo Hapsatu ta zo daga Basirka da wani man shafawa, ya bari ta shafa masa don kunya, tana fita ya goge a zanin gado. Ka yi tunanin mafita, ni ma ina yi. Kafin nan ka sayo tef ɗin awo guda biyu, ɗaya naka ɗaya nawa, kada mu sake kunyata kanmu.

Ka gaida mutanen gida. Na huce, kai ma ka huce.

Matarka,
Ummussalma.


Gwaram,
Ranar Litinin.

Zuwa ga Abban Basma, mai babban hannu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Ina gaishe ka gaisuwa ta musamman, da fatan kai da Hajiya da Basma kun tashi lafiya. Mu nan sai godiya. Ka sami wuri ka zauna kafin ka karanta, in ka gama ka karanta wa Hajiya.

Ka tuna a ina na tsaya na yi maka faɗa ranar Asabar? Gindin darbejiya. Ni da na yi ta aiko maka da takardu don kada Baba ya ji, ni ce na tsaya a bakin tagarsa na zayyana komai da ƙarfi: kati, adashi, taƙi, marfin tukunya. Ashe duk ya ji. Jiya da safe bayan ya sha koko sai ya tambaye ni lafiyar mijin ƙawata, da ko motar da ya saya ta shiga garejin. Na rasa inda zan sa fuskata. Inna ta fice da sauri tana toshe baki da mayafi.

Na ɗauka faɗan kuɗi zai yi. Ya dai ce tunda an riga an kashe, ba a gidansa za a yi asararsu ba. Ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwa, aka fito da kwamfutar da katin, shi ma ya fito da sandarsa ya zauna a tsakar gida, abin da bai yi ba tun dawowarsa daga asibiti. Ya leƙa cikin kwamfutar ya daɗe. Ya sa Inna ta zaro masa kara daga danga, ya ɗora a kan katin ya karya daidai tsawonsa, ya sa karan a ciki ya ga iya inda ƙarfen ya tare. Sannan ya ce a jawo masa akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado.

Ka san akwatin nan shuɗi, wanda ya zaga ƙasar nan da shi. Tun ranar da ya faɗi ba a buɗe shi ba. Da na ɗaga murfin warin baƙin mai ya tashi, sai na ga Inna ta juya baya tana gyara abin da bai lalace ba.

Ya sa na kwance faifan ajiyar na mayar da shi can sama inda akwai wuri. Ya sa na lulluɓe allon kwamfutar da tsohon ɗankwalin Inna, muka kwantar da ita ta yadda garin ƙarfe zai zubo waje, wai haka ake yi wa inji idan an buɗe shi. Ya ɗauki zarton ƙarfe da hannun dama. Ni kuma aikina in riƙe kejin kada ya motsa.

Ƙarfen siriri ne, yana rawa, zarton yana zamewa. Baba ya ce in danne, na danne. Ya ce riƙewa ya ce, ba shafawa ba. Ya ce tun ina yarinya haka nake riƙe abu sai ka ce zai cije ni. Can dai haƙurinsa ya ƙare, ya ture ni da gwiwar hannu, ya ɗago nasa na hagu ya ɗora a kan ƙarfen. Na ja gefe. Da farko dunƙulen ya danna, ƙarfen ya ƙi tsayawa. Ina kallo, Abban Basma, yatsun nan suka saki ɗaya bayan ɗaya, suna karkarwa, suka zagaye bakin kejin suka kama. Shi bai ma lura ba, hankalinsa yana kan zarto, yana ta yi wa waɗanda suka ƙera akwatin faɗa.

Aikin da mai walda zai gama kafin ka sha ruwa ya kai mu har azahar. Yana yi yana hutawa, gumi ya jiƙa masa riga, Inna tana yi masa fifita yana cewa ta matsa tana tare masa haske. Da ƙarfen ya fita ya bi bakin da magagari, ni kuma na kaɗe, na goge, na hure ko'ina. Katin ya shige ya zauna daram. Na kunna, na ɗora masa manhajarsa daga filashinka. Fankokin suka juya, ba gurnani, sai ɗan huci.

Ashe haka wasan nan yake? Har inuwar bishiyoyi ana gani a kan titi, ruwan sama yana sauka a gilashi. Yanzu na fahimci abin da ke sa abincinka yin sanyi, ko da yake ban yafe ba. Baba ya sake ɗaukar kayan nan da suka zube masa, ya bi hanyar, ya haye gadar, ya shiga gari, ya yi ribas ya ajiye tirela a layinta. Babu inda ta tsaya sai inda ya taka birki. Iliyasu ya shigo gaisuwa, Baba bai ce yana barci ba, miƙa masa hannun gem ɗin ya yi. Iliyasu ko tasha bai fita ba ya goga wa motar bango. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce dama ya san bai gama koya masa ba ya sallame shi. Ya ce in gaya maka ka iya sayen mota, ko da yake ba ka iya awo ba. Na ce ai awon nawa ne. Ya ce duk ɗaya, Allah ne ya haɗa mu.

Ga abin da ya sa na ce ka zauna. Da yamma ina tattara kaya, sai na ga ya ɗauki karan nan da ya karya ya ɗora a cinya, wai zai raba mana gardama ya ga katin taƙi nawa ne. Na zaci da dama zai auna. Da hagu ya auna. Ya kafa babban yatsa a bakin karan, ya yi ta jan sauran suna buɗewa da ƙyar, ya kai inda ya kai, ya ɗaga ya sake kafawa. Taƙi biyu, har da ɗan saura. Ya daɗe yana kallon karan. Sannan ya ce a hannunsa na da, abin nan taƙi ɗaya ne ba ƙari, don haka kada kowa ya taɓa masa karansa, zai riƙa auna shi kowace safiya har ya koma yadda yake.

Yau da safe na leƙa ta taga na gan shi yana aunawa. Wai ya ragu. Ni ban ga alama ba, amma ban yi musu ba.

Kwamfutarka dai ka cire rai da ita. Ka zo ranar Juma'a da Basma, Baba ya ce zai ɗauke ta a gaban mota ya kai ta yawo. Inna tana gaishe ku, tana yi maka godiya, ni ma ina yi, har da ta kuskuren. Tef ɗin da na ce ka sayo kuwa, ka bar shi. Muna da abin awo a gidan nan, kuma in Allah ya yarda kullum ƙara buɗewa zai yi.

Taka, mai ƙaramin hannu,
Ummussalma.